Neman Wurin da Ruwa Ba Ya Kaiwa

Shekarar da Malam ya kusa yin ritaya, ya sayo littafin rubutu mai jan bango, ya zauna da rula yana jan layuka kamar zai shirya sakamakon jarrabawa. Da ya gama sai ya ce mini za mu fara neman wurin zama. Malam mijina ne. Ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a makarantun firamare, ni kuma ma'aikaciyar lafiya ce, ina bin gida-gida da akwatin allurar rigakafi. Aiki ne ya kai mu Boɗinga, mu duka ba 'yan can ba ne, kuma tun zuwanmu a gidan haya muke.

Na ɗauka ɗan gida zai saya mana cikin gari, kusa da masallaci da mai nika. Ashe shi wani abu ne daban a ransa. Fili yake so a ƙauye, inda za mu haƙa rijiyarmu, mu gina rumbunmu, mu noma gero da wake, mu ajiye awaki da kaji, mu ɗora sola bisa rufi. Ya ce wurin da ko duniya za ta rikice, ba sai mun roƙi kowa gishiri ba. Na dube shi na dubi kaina. Shi yana shan ƙwayar hawan jini kullum safe, ni gwiwata ta dama tana ƙara in na tashi daga sallah, 'ya'yanmu mata biyu suna ɗakunansu, namijin yana aiki a Sakkwato. Na tambaye shi wa zai yi noman, ya ce mu.

Na san inda abin ya samo asali. Wata damina can baya, an kwana biyu ana ruwa, katangar gidan da muke haya ta jiƙe ta kwanta, ruwa ya shiga ɗakuna har gwiwa. Mu da wasu gidaje aka kai mu makarantar da Malam yake hedimasta, muka yi kwana goma sha ɗaya cikin aji. Iyayen ɗalibansa sun gan shi da singileti yana shanya takardunsa bisa benci, sun gan shi cikin layi da kwano ana rabon abinci. Ba wanda ya yi masa dariya, kowa ta kansa yake yi. Ni kafin shekara ta zagayo na manta, har ina ba da labarin ina raha. Shi kuwa bai taɓa ba da labarin ba ko sau ɗaya, kuma in na fara sai ya tashi ya ce zai je masallaci.

Littafin nan yana da gidaje takwas: ruwan sha, ambaliya, ƙasar noma, hanya, kasuwa, asibiti, tsaro, sai sabis na waya. Kowane gida maki goma. Duk Asabar sai mu hau babur ɗinsa, ni a baya riƙe da jaka da gorar ruwa, mu nufi wani ƙauye. Mun yi wajen Dingyaɗi, mun yi wajen Mandera, mun bi hanyoyin rairayi bayan Kajiji inda sau biyu na sauka na taka da ƙafa shi yana tura babur yana gumi.

Matsalar farko ita ce duk inda muka je, wurin ba shi da aibi. Malam zai zauna a zauren mai gari, a gaisa, a sake gaisawa, a kawo fura, sannan ya buɗe littafi. Na tuna wani dattijo a wani ƙauye gefen Dingyaɗi, ina tsaye bakin ƙofar shiga cikin gida ina jin su.

"Ranka shi daɗe, ruwa na shiga garinga da damana?"

"Ruwa ai rahama na, Malam."

"Hakanan na. Amma shina ɓarna?"

"Mun gode Allah. Nan munka ishe kakanninmu."

"To, ɓarayi hwa?"

"Allah dai shi tsare."

Malam ya riƙe biro yana juya shi, can sai na ga ya rubuta takwas a gidan ambaliya, bakwai a gidan tsaro. Mutumin da ya yi shekaru yana hana yara maki don sun manta ɗigo, ga shi yana ba da takwas a kan "mun gode Allah". Ba ƙarya dattijon ya yi ba. Mutumin ƙauye ba ya kushe garinsu gaban baƙo, balle baƙon da ya zo da niyyar zama. Ni na san haka, Malam ma ya sani, amma biro yana hannunsa kuma gidan dole a cika shi.

Ni ce nake shiga cikin gida, inda maza baƙi ba sa shiga, kuma a can bango yake faɗin abin da zaure ya ɓoye. Zaure ana yi masa sabon yaɓe duk shekara. Ɗakin mace kuwa sai in ga layi ya zagaye bango, ƙasa duhu sama haske, in ga ƙafafun gado bisa bulo biyu-biyu, in ga buhun gero rataye maimakon a ƙasa. In na nuna layin sai matan su yi dariya.

"Wanga? Na bara waccan na. Bai daɗe ba, kwana ukku yat tahi."

In mun hau babur sai in gaya wa Malam a kunne, iska tana kwashe rabin maganar. Ya tsaya gindin itace ya soke takwas ya rubuta uku. Asabar ta gaba mu je ƙauyen da ke kan tudu, bango tas babu layi, amma rijiyarsu sai an haɗa igiya biyu, tafin hannun matan duk kanta, kuma zuwa bazara gari ɗaya rijiya ɗaya. Wanda ke bakin kwalta yana kusa da asibiti da kasuwa, ƙasarsa kuma faƙo ce, ko sabara da ƙyar take fita. Wanda ƙasarsa ta yi kyau yana bakin fadama, ga albasa kore shar, ga ruwan rijiya a gaba biyu, ga sauro, ga layi a bango. Wanda ya yi nisa da komai ba a jin ƙarar mota, amma a can ne in an ambaci tsaro kowa yake duban ƙasa.

Bayan wata uku Malam ya tara makin, sai wurare huɗu suka fito daidai wa daida. Ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, haka dai. Ya ba ni na tara, na samu abin da ya samu. Ranar ya yi fushi da littafin, ya yi fushi da ni, har ya ce ni ce nake rage wa wurare maki da labaran bango. Ni kuma a lokacin na riga na rasa gane abin da muke gudu. In ruwa ne, mu hau tudu mu sha ƙishirwa. In ƙishirwa ce, mu sauka fadama. In ciwo ne, me zai fitar da mu daga Boɗinga inda asibiti yake tafiyar ƙafa? In na tambaye shi sai ya ce duka muke gudu, shi ya sa aka yi gidaje takwas.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɗaure mini kai, su ma mutanen ƙauyukan ya ɗaure musu. Duk mai garin da muka je wa, da murna yake tashi ya nuna mana fili. Tsohon hedimasta da matar da ta iya allura, wa zai ƙi? Amma filin kullum manne yake da katangar wani: bayan gidan liman, gefen gidan ƙanen mai gari, tsakanin gida biyu inda wani ya tashi. Malam zai yi godiya, sannan ya miƙa hannu can nesa inda ba komai sai kalgo da tumfafiya, ya ce can yake so. Su a wurinsu gona tana iya yin nisa yadda ta ga dama, amma mutum in rana ta faɗi cikin mutane yake dawowa. Wanda ya ware ya yi gini shi kaɗai, ko dai an yi faɗa da shi, ko yana ɓoye wani abu.

A wani gida wata mata ta ja ni bayan rumbu, ta rage murya.

"Malama, don Allah kar ki ji haushi. Maigidan naki, tarin huka na gare shi?"

Na ce lafiyarsa lau.

"To laihin mi kunka yi can inda kunka hito?"

Na yi dariya har na dafa rumbun, amma da na koma gida abin ya tsaya mini. Na rasa yadda zan bayyana mata cewa mijina ba ya gudun kowa, roƙo ne kawai ba ya so ya sake yi. Da na gwada faɗa wa wata, sai ta ce ai ba roƙo ba ne in maƙwabci ne. Na faɗa wa Malam wannan, ya ce ita ba ta taɓa zama hedimasta ba.

A ƙarshe ya sami tudunsa, a wani ƙauye bayan Kajiji. Jigawa ce mai laushi, da babban gawo guda a tsakiya. In ka tsaya a kai kana hango fadama can ƙasa, masu albasa kamar tururuwa, kana hango rufin garin daga gabas. Da ƙafa tafiyar kusan rabin awa ce zuwa gidan farko. Malam ya zagaya wurin yana ɗaga waya sama, sabis sanda uku ta nuna ko'ina. Ya kawo mai haƙar rijiya ya duba ya ce za a sami ruwa, da nisa amma za a samu. Ya tambayi Fulanin da ke wucewa da shanu, suka ce ba su taɓa ganin ruwa ya kwanta a nan ba. Wannan ne wuri na farko da ya ba goma a gidan ambaliya, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Mai garin ya yi ta jan ƙafa. Sau uku yana mayar da mu wani fili da ke jikin gidan ƙanensa, cikin gari.

"Malam, can dawa na. Ku biyu na hwa, kuma ba yara kuke ba."

"Ranka shi daɗe, mun gode. Can ɗin dai."

"Bahillace da kag gani shina zama shi ɗai, da ɗiyanai da karnukanai da shanu shike."

"Mu ma Allah na nan."

Da aka ambaci Allah mai gari ya haƙura. Ya tura dattawa uku suka taka iyaka, aka dasa gamba a kusurwoyi, aka yi addu'a. Ranar wata tsohuwa a gidansa, yayarsa ce, ta riƙe hannuna lokacin da nake sallama, ta ce, "Ɗiyata, in kin yi kira can, wa ka ji?" Na kawo wa Malam maganar, ya ciro waya daga aljihu ya nuna mini.

Kada in ɗora masa duka. Ni ma wurin ya shiga raina. Shekara talatin ina shiga gidajen mutane, ina jin kukan 'ya'yansu, ina roƙon maza su bari a ɗiga wa jariri magani. Na gaji da mutane, gaskiyar ke nan. A kan tudun nan ba akuyar maƙwabci, ba mai aiko a ba shi aron turmi, iska ce kawai. Wani lokaci in ji tsohuwar ta yi gaskiya, wani lokaci in ji ai ita ba ta san waya ba. Haka na yi ta jujjuyawa, ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, shi kuma ya ɗauki shiruna a matsayin e.

Wata Asabar cikin bazara muka je auna inda za a yi ɗakuna da inda za a haƙa rijiya. Mun fita da sassafe don mu riga rana, amma yashi ya riƙe mu a hanya, sai da hantsi ya yi zafi muka isa. Ya ba ni bakin tef na riƙe a jikin turke, shi ya ja ɗaya bakin yana tafiya da baya yana faɗin lamba. Ina duban turken sai na ji tef ya saki. Na ɗaga kai na gan shi zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, yana duban hannunsa na hagu kamar na wani ne. Na ce, "Malam, mi af faru?" Ya buɗe baki, bakin ya tafi gefe guda, maganar ta fito a dunƙule.

Na san ko mene ne tun kafin in isa wurinsa. Na sha tara mata a gindin itace ina gaya musu alamun shanyewar ɓarin jiki, ina ce musu kada a tsaya shafa mai ko tofi, a nemi mota nan take. Na ja shi da ƙyar zuwa inuwar gawon, na kwantar da shi ta gefe, na naɗe mayafina na sa masa a ƙarƙashin kai. Na ɗauki waya, sabis kuwa ga shi nan sanda uku. Na kira ɗanmu, ya ce ga shi nan tafe, daga Sakkwato. Na kira wata abokiyar aikina a Shagari, ta ce za ta nemo mota, ta tambaye ni ina muke. Wurin ba shi da suna. Na ce bayan Kajiji, kan wani tudu, akwai gawo. Ta ce wane gawo. Na duba wayar Malam, akwai lambar mai rijiya, akwai ta mai bulo, babu ta mutum ɗaya a garin da muke hangowa.

Ban iya tuƙa babur ba. Ban iya ɗaga Malam ba. Na tsaya bakin tudun na yi ta kira wajen fadama har muryata ta dushe, ina ganinsu suna sunkuye cikin albasa, injin ban ruwa yana ta ƙara, ba wanda ya ɗago. Sai ya rage ko in zauna da shi ina kallo, ko in bar shi in tafi. Na durƙusa na ce masa zan je in kira mutane, yanzu zan dawo. Ya kama bakin zanena da hannunsa mai lafiya. Bai iya magana ba, amma idonsa yana kaina kuma na gane sarai kada in tafi yake cewa. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa yi masa abin da ya kai wannan ba.

Na gangara da gudu, ba mayafi, takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi. Mutumin farko da na isa ya ga mace kai ba lulluɓi, bai tambaye ni komai ba, ya kashe injin ya yi kira ɗaya. Kafin in mayar da numfashi mutum shida sun taru, an sauke buhunan albasa daga amalanke, an juya shanun. Da muka hau, Malam yana nan yadda na bar shi, ƙudaje a bakinsa, idonsa a buɗe yana duban hanyar da na bi. Suka ɗauke shi kamar ba nauyi. A bakin hanya muka haɗu da motar da abokiyar aikina ta turo, direban ya yi ta yawo yana tambayar gawo.

Ya rayu. Hannun hagu bai dawo ba, ƙafar tana ja, maganar tana fita da nauyi amma ni ina ganewa. Muna asibiti mai garin ya zo da kansa da kwaryar ƙwai, ya zauna ya yi addu'a, da zai tafi ya kira ni waje ya ce filin nan na jikin gidan ƙanensa yana nan. Ya ce in na yarda za su yi gayya su tayar da ɗaki biyu kafin ruwa ya sauka. Na ce na yarda. Ban shiga na tambayi Malam ba. Na san abin da zai ce, na kuma san ba shi da bakin da zai yi gardama da ni, sai na yi amfani da wannan. Na kuma san gidan ƙanen mai garin, na taɓa shiga, na ga layi a bangon ɗakin matarsa, ya kai tsawon hannu daga ƙasa.

A nan muke yanzu. Ba a rufe awa ba a yi sallama ba. Ana aiko a duba yaro mai zazzaɓi, ana aiko da tuwo, ana aron turmi, awakin maƙwabta sun cinye zogalen da na dasa sau biyu. Da la'asar maza biyu suna zuwa su fitar da Malam ƙofar gida ya zauna cikinsu. Wasu ranaku yana dariya. Wasu ranaku in sun zo sai ya rufe ido ya yi kamar barci yake, ni kuma in ce musu ya sha magani.

Daminar farko ruwa ya tsaya a tsakar gida. Ta biyu, cikin watan Agusta, an wayi gari ana yi, zuwa hantsi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ja, da ciyayi a kai. Ina tattara magungunansa cikin leda sai ga maza huɗu a ɗakin, wando a naɗe, ban kira kowa ba. Suka ɗauke shi da katifarsa, wani ya riƙa masa buhu a kai, suka kai shi zauren mai gari da ke ɗan sama. Zauren cike yake, tsofaffi da masu jego da yara da kaji a kwando. Aka matsa aka ba shi wuri jikin bango. Wata mata ta miƙo koko a kofi ta ce a ba Malam. Na kai masa baki, ya kawar da kai.

Can da azahar ruwan ya tsagaita. Wani mutum ya shigo jiƙe sharkaf, ya ce ta yamma ya biyo, fadama duk ta cika ta haɗe da hanya. Malam ya taɓa ni da hannunsa mai lafiya, ya yi mini nuni da mutumin. Na gane abin da yake so a tambaya, na yi kamar ban gane ba. Ya sake taɓa ni. Sai na tambaya.

"Tudun Malam? Ƙeƙasasshe na, ko taɓo babu. Can ma na tsaya na huta."

Malam ya ji, ba sai na maimaita ba. Ya daɗe yana duban rufin zauren, inda ruwa ke ɗiga cikin wani kwano. Sannan ya juyo gare ni, ya tattara bakinsa da ƙyar.

"Da a ce can muke," ya ce.

Na sunkuya kusa da shi ina jiran sauran. Ina riƙe da kofin kokon, ya riga ya huce. Na jira har aka kira sallah, maza suka fara neman butoci, aka zo za a gyara masa zama ya fuskanci gabas. Bai ƙarasa ba, ni kuma har yau ban sami ƙarfin tambayarsa ba.